Rodin gini: Yadda ragin milimita ɗaya ke cinye kashi 16 cikin 100 na ƙarfe

Duk lokacin da bene ya rushe a Najeriya, bayanin da ake fara ji daga bakin jami'ai shi ne an yi amfani da kayan gini marasa inganci. An ji shi bayan bene mai hawa 21 ya rufta a unguwar Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021, inda fiye da mutum 40 suka rasu. An sake jin shi a ƙarshen watan Agustan 2022, lokacin da wani bene da ake kan ginawa ya faɗi a kasuwar waya ta titin Beirut a Kano. Haka kuma aka maimaita shi ranar 12 ga Yulin 2024, da ginin makarantar Saint Academy da ke Busa Buji a Jos ya danne ɗalibai, mutum 22 suka riga mu gidan gaskiya.

Matsalar wannan bayani ita ce faɗinsa. Kowa na iya fakewa a bayansa, domin bai nuna wane kaya ba ne, bai faɗi da nawa ya gaza ba, bai kuma ambaci wanda ya ƙera shi ba. Alhali a wurin masana'anta inganci abu ne da ake rubutawa da alƙaluma: kowane kaya yana da girman da aka yanka masa, yana kuma da iyakar kaucewar da aka yafe masa. Wanda ya tsaya cikin iyakar ya cika ƙa'ida, wanda ya tsallake ta ya zama jabu, ko da ido bai ga bambanci ba.

A tsakiyar shekarar 2024 Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta Tarayya, wato FCCPC, ta kai samame wasu masana'antun ƙarfe a Jihar Ogun bisa zargin ana ƙera rodi mai kaurin milimita 10 ana kai shi kasuwa da sunan milimita 12. Ga wanda bai saba da harkar ba, milimita biyu ba abin tayar da jijiyar wuya ba ne, tunda bai kai kaurin ƙwayar gero biyu ba. Lissafi kuwa ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfen ne ya ɓace.

Mene ne rangwamen awo?

Babu injin da ke fitar da abu biyu masu girma ɗaya tak. Ana murza rodi ne yana ja wur da zafi, tsakanin manyan ƙarafa masu kwarmi da ke matse shi har ya kai kaurin da ake so. Kwarmin yana cinyewa a hankali, zafin wuta yana hawa da sauka, ƙarfen kuma yana ɗan tsukewa idan ya huce. Saboda haka masu tsara ƙa'idojin masana'antu suka amince a bar wa maƙeri 'yar tazara sama da ƙasa da ainihin awon. Wannan tazara ita ce rangwamen awo, kuma a kayayyaki da dama ana faɗin ta ne da kashi cikin ɗari.

Lissafinta bai da wuya. A ɗauki awon da aka yanka wa kayan, a ninka shi da kason da aka yafe, a raba da 100. Abin da ya fito sai a cire shi daga awon a samu iyakar ƙasa, a kuma ƙara shi a samu iyakar sama. Idan kuma ana son sanin da nawa wani kaya ya kauce, sai a cire awon da aka yanka daga awon da aka samu, a raba da awon da aka yanka, a ninka da 100. Sharaɗin da ake yawan mantawa shi ne a ko da yaushe da awon da aka yanka ake rabawa, wato abin da aka rubuta a takarda, domin shi ne alƙawarin da aka yi wa mai saye.

Najeriya tana da ƙa'idarta ta rodi, mai lamba NIS 117, wadda Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wato SON, ke kula da ita. Sai dai injiniyoyin ƙasar nan sun daɗe suna tsara gini bisa ƙa'idojin Birtaniya, kuma ƙa'idar rodi ta can, mai lamba BS 4449, sananniya ce a ofisoshinsu. Bugunta na shekarar 2005 ya yafe kashi 4.5 cikin 100 sama ko ƙasa ga rodin da ya wuce milimita 8, sannan kashi 6 ga na milimita 8 zuwa ƙasa. Ƙa'idar Amurka ta ɗan fi sassauci, domin ta amince rodi ya gaza da kashi 6. Ƙasashe sun bambanta da ɗan kaɗan, amma babu wata ƙa'ida da ake mutuntawa da ta kusanci kashi 16, balle kashi 30.

Sikeli ne alƙali

Abin lura shi ne wannan kaso a kan nauyi aka ɗora shi, wato nauyin kowace mita ɗaya ta rodi. Dalili kuwa shi ne rodin gini ba santsi ne da shi ba. Yana da zane masu tudu a jikinsa domin kankare ya kama shi, don haka wanda ya auna kaurinsa a kan tudu zai samu lamba ɗaya, wanda ya auna a kwari ya samu wata. Marar gaskiya ma yana iya ƙara tsayin tudun ya rage cikin, rodin ya yi kama da cikakke a ido. Nauyi kuwa ba ya karɓar wannan dabara, domin nauyin ƙarfe sananne ne: kilo 7,850 a kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi.

Daga nan ne aka fitar da jadawalin da kowane injiniya ya haddace. Mita ɗaya ta rodin milimita 8 tana da nauyin kilo 0.395, ta milimita 10 kilo 0.617, ta milimita 12 kilo 0.888, ta milimita 16 kilo 1.58, ta milimita 20 kilo 2.47, ta milimita 25 kuma kilo 3.85. Wanda bai riƙe jadawalin ba yana da gajeriyar hanya: ya ninka kaurin da kansa ya raba da 162. Misali, 12 sau 12 ya ba da 144, idan aka raba da 162 sai a samu kusan 0.89.

A ɗauki rodin milimita 12, wanda ya fi kowane yawa a dekin gidaje. Kashi 4.5 na giram 888 shi ne giram 40. Ke nan mita ɗaya tasa ba za ta gaza giram 848 ba, ba za ta kuma wuce giram 928 ba. Sanda guda mai tsawon mita 12 kamata ya yi ta kai kilo 10.66, kuma an yarda ta tsaya tsakanin kilo 10.18 da 11.14. Ga na milimita 16, wanda ake yawan sa wa ginshiƙai, kashi 4.5 ɗin giram 71 ne, don haka mita ɗaya za ta tsaya tsakanin kilo 1.51 da 1.65, sanda guda kuma kusan kilo 19.

Idan aka mayar da wannan tazara zuwa kauri, sai a ga ƙanƙantarta. Rodin milimita 12 da ya sauka zuwa ƙarshen abin da aka yafe masa, kaurinsa na haƙiƙa kusan milimita 11.73 ne. Wato abin da aka bar wa maƙeri bai kai sulusin milimita ɗaya ba. Duk rodin da ainihin kaurinsa ya tsaya a 11.5 ya riga ya fita daga ƙa'ida, ko da dillali ya rantse cikakke ne.

Dalilin da milimita ɗaya ke da tsada

Ƙarfin rodi yana tafiya ne da faɗin bakinsa, wato da'irar da ake gani idan an yanke shi. Faɗin da'ira kuwa yana bin kauri ne ninki cikin ninki. Shi ya sa ragin da ya yi kama da kaɗan a kauri yake kusan ninkuwa biyu idan aka zo ga yawan ƙarfe.

Bakin rodin milimita 12 yana da faɗin murabba'in milimita 113. Na 11.5 yana da 104, ragin kashi 8 ke nan. Na milimita 11 yana da 95, ragin kashi 16. Na milimita 10 yana da 78.5, ragin kashi 30.6. A ɓangaren milimita 16, wanda faɗinsa 201 ne, saukowa zuwa 15 tana cinye kashi 12, saukowa zuwa 14 kuma tana cinye kashi 23.

Akwai wani tarko a lissafin kaso da ke rikita magina. Wanda ya gano an sayar masa da rodin milimita 10 a matsayin 12, ya ji an ce ya yi asarar kashi 30, yana iya zaton ƙarin kashi 30 zai cike giɓin. Ba zai cike ba, domin yanzu daga ƙaramar lamba ake hawa. Daga 78.5 zuwa 113 ana buƙatar ƙarin kashi 44. Inda zanen injiniya ya ce a jera sanda 100, sai an jera 144 kafin a dawo inda aka tsara.

Tan na sikeli da tan na ƙirga

A nan ne lissafin ya haɗu da yadda kasuwa ke tafiya. Da tan ake faɗin farashin rodi, amma a yawancin shaguna ba a ɗora shi kan sikeli. Ƙirga sanduna ake yi: kusan 93 na milimita 12 su ne tan, kusan 52 na milimita 16, kusan 133 na milimita 10. Wannan ƙirga ta samo asali ne daga jadawalin da aka ambata, kuma daidai take muddin sandunan cikakku ne, kauri da tsawo.

Da zarar rodi ya rame, tan biyun sai su rabu. Sandar milimita 11 mai tsawon mita 12 nauyinta kilo 8.95 ne. Tan ɗaya na haƙiƙa yana ba da irinta kusan 112 maimakon 94. Wanda ya saya da sikeli ya sayar da ƙirga ya samu rarar sanda 18 a kowane tan ba tare da ya ƙara ko kwabo ba. Mai ginin da aka ƙirga wa 93 kuwa kilo 832 ya kwasa, ya bar kilo 168 a hannun wani. Idan don sauƙin lissafi aka ɗauka tan yana kan naira miliyan ɗaya, asararsa naira 168,000 ce a kowane tan, tun kafin a zo ga batun ƙarfin gininsa.

Tsawo ma ƙofa ce ta daban. Sandar da ta tsaya a mita 11.5 maimakon 12 ta gaza da kashi 4.2. Tunda ana lanƙwasa rodi biyu kafin a loda shi, ba kowa ne ke miƙe shi ya auna ba. Idan ragin kauri da na tsawo suka haɗu a sanda ɗaya, wato milimita 11 da mita 11.5, nauyinta kilo 8.58 ne, ta gaza da kusan kashi 20.

Ko masana'antar da ke bin doka ma tana da abin ci a cikin tazarar. Sananniyar dabara ce a duniyar ƙarfe a riƙa murza rodi kusa da iyakar ƙasa. Wadda ta daidaita injinta a kan ragin kashi 4 ba ta karya ƙa'ida ba, amma a kowane tan 1,000 da ta sayar da ƙirga ta tsira da tan 40. Wannan ya nuna inda kwaɗayin yake. Muddin da ƙirga ake ciniki, kowane giram da aka rage riba ce, kuma abin da ke tsakanin halal da haram giram 40 ne kacal a kowace mita.

Halin da tattalin arziki ya shiga ya ƙara rura wutar. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yunin shekarar, farashin kayan gini ya yi tashin gwauron zabi, har tan ɗin rodi ya haura naira miliyan ɗaya a 2024. Mai ginin da kuɗinsa ya gaza yakan nemi mai sauƙi, dillali kuma yakan kawo masa abin da kuɗinsa zai iya saya da sunan abin da ya tambaya. A wasu lokutan ma duk su biyun sun san gaskiya, wanda ba a shawarta ba shi ne ɗan haya ko ɗalibin da zai zauna ƙarƙashin dekin.

Rarar da injiniya ya bari

Masu kare ramammen rodi sukan kafa hujja da cewa ga gine-gine nan birjik an yi da shi kuma suna tsaye. Gaskiya ne, kuma dalilin shi ne injiniya ba ya tsara gini a bakin gaɓa. A tsarin Birtaniya da aka fi bi a nan, yakan ƙara kashi 40 a kan nauyin ginin kansa, ya ƙara kashi 60 a kan nauyin mutane da kaya. A ɓangaren ƙarfe kuma yakan raba ƙarfin rodi da 1.15, wato ya yi aiki da kashi 87 kawai ya ajiye kashi 13 saboda abin da ka je ya zo.

Wannan kashi 13 ɗin shi ne ya kamata a riƙa kwatantawa da alƙaluman da suka gabata. Rodin da ya sauka da kashi 4.5 ya ci sulusin ajiyar, saura na nan. Na milimita 11 ya cinye ta duka ya ƙara da kashi 3. Na milimita 10 ya wuce ta fiye da ninki biyu. Daga nan ginin yana tsaye ne da rarar da aka ware wa nauyi, wadda ita ma akwai masu jiran cin ta.

Domin kurakurai a wurin gini taruwa suke yi. A ce zane ya nuna a jera rodin milimita 12 a dekin da tazarar santimita 20, wato sanda biyar a kowace mita, jimillar faɗin ƙarfe murabba'in milimita 565. Aka kawo na milimita 11, mai ɗaurin rodi kuma ya buɗa tazarar zuwa santimita 25 domin kaya su isa. Yanzu sanda huɗu ce a mita, jimilla 380, an yi asarar kashi 33. Sai a rage siminti a kwaɓi, a zuba ruwa fiye da kima, a cire katakon tallafi kafin kankare ya nuna. Bayan shekaru sai mai gida ya ɗora wani hawa, ko ya ajiye tankin ruwa mai lita 5,000, wanda nauyinsa tan biyar ne, ko ya mayar da gidan zama makaranta. Ranar da ginin ya faɗi za a ce damina ce ta kayar da shi.

Wannan ne kuma ya sa bai dace a ɗora wa rodi kaɗai alhakin kowace rushewa ba. A batun Ikoyi, hukumomin Legas sun bayyana cewa izinin hawa 15 aka bayar, aka gina 21. Ko da cikakken rodi, ginin da aka ɗora wa abin da ba a tsara masa ba yana cikin haɗari. Bambancin rodi da sauran matsalolin shi ne shi ne mafi sauƙin kamawa kafin a binne shi, kuma mafi wuyar gyarawa bayan an zuba kankare.

Kauri rabin magana ne

Rodi yana iya cika nauyi ya gaza a ƙarfi. Ƙa'idar Birtaniya ta 2005 tana magana ne a kan daraja ta 500, ma'ana kowane murabba'in milimita yana jure jan da ya kai kusan kilo 51 kafin ya fara miƙewar da ba ya komawa. Da wannan lissafi, cikakken rodin milimita 12 yana riƙe kusan tan 5.8. Idan ya zama na milimita 11 ne, kuma ƙarfensa a daraja ta 400 ya tsaya, abin da zai riƙe tan 3.9 ne, sulusin ƙarfin ya tafi.

A nan ma da kaso ake magana. Ƙa'idar ta taƙaita sinadarin gawayi da ke cikin narkakken ƙarfe a kan kashi 0.22 cikin 100, farar wuta kashi 0.05, fosfaras kashi 0.05, jan ƙarfe kuma kashi 0.80. Gawayi yana ƙara tauri, amma idan ya yi yawa rodi yakan zama mai gautsi, ya karye maimakon ya lanƙwashe. Haɗarin ke nan, domin amfanin rodi mai kyau shi ne ya miƙe a hankali, gini ya tsattsage ya yi gargaɗi, mutane su samu damar fita. Mai gautsi ba ya gargaɗi.

Tarihin masana'antar ƙarfe ta Najeriya yana da hannu a wannan. Tsarin farko shi ne kamfanin Aladja da ke Jihar Delta ya riƙa samar da curin ƙarfe, masana'antun Katsina da Jos da Osogbo, kowace mai ƙarfin tan 210,000 a shekara, su riƙa murza shi zuwa rodi, Ajaokuta kuma ta zama uwa ma ba da mama. Ajaokuta ba ta kammalu ba har yau, sauran kuma sun durƙushe aka sayar da su. Giɓin da suka bari sai masana'antu masu zaman kansu suka cike shi, akasarinsu da narka tsofaffin ƙarafan da 'yan gwangwan da 'yan jari bola ke tarawa.

Narka tsohon ƙarfe ba aibi ba ne, manyan ƙasashe ma suna yi. Sharaɗinsa shi ne a tantance abin da ake zubawa a tukunya, a gwada kowane narki, a gyara haɗin kafin a zuba. Ƙananan tukwanen lantarki da ba su da matakin tacewa kuwa abin da aka zuba musu shi suke mayarwa. Ƙasar Sin ta fuskanci wannan matsala har ta sa wa'adin ƙarshen watan Yunin 2017 ta rufe irin waɗannan masana'antu masu fitar da ƙarfe marar inganci, waɗanda aka ƙiyasta ƙarfinsu ya kai tan miliyan 140 a shekara.

Ina hukumomi?

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. SON tana da dokar shekarar 2015 da ta ba ta ikon shiga masana'anta da kwace kaya da gurfanarwa. Tana da shirin MANCAP na tantance kayan da ake ƙerawa a gida, da SONCAP na waɗanda ake shigowa da su, kuma tana buƙatar kowace masana'anta ta buga alamarta a jikin rodinta domin a iya gano mai shi. A farkon 2020 ta rufe masana'antun ƙarfe 13 saboda saɓa ƙa'ida. FCCPC tana da hurumi a kan yaudarar mai saye, Majalisar Kula da Aikin Injiniya, wato COREN, tana da hurumi a kan masu aikin, sannan akwai sashen awo da ma'aunai a Ma'aikatar Masana'antu da Kasuwanci ta Tarayya. An kuma fitar da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa tun 2006, ko da yake jihohi da dama ba su mayar da shi doka ba.

Raunin yana cikin salon aikin. Samame abu ne na yini ɗaya, masana'anta kuwa dare da rana take aiki, kuma daidaita inji ya fitar da cikakken rodi ranar da baƙi za su zo bai fi ƙarfin kowa ba. Gwajin da ke da ma'ana shi ne wanda ake yi wa kayan da aka saya a shago kamar yadda kowa ke saya, a Kano da Kaduna da Abuja da Onitsha, a kai a kai, a kuma wallafa sakamakon da sunan masana'anta da lambobin da aka samu. Ranar da magini zai iya duba jerin a wayarsa ya ga wace alama ce ta gaza da kashi nawa, kasuwa da kanta za ta yi hukuncin da tara ba ta yi ba.

Mataki na biyu shi ne a tilasta ciniki da nauyi. Idan kowane babban dillali yana da sikelin da hukuma ta tantance, kuma rasit yana ɗauke da kilo tare da adadin sanduna, ribar ramar da rodi ta mutu, domin wanda ya rage kauri ya rage kuɗinsa da hannunsa. Rasit ɗin ma zai zama shaida: sanda 93 da kilo 832 a layi ɗaya sun isa su tona asiri.

Na uku yana wuyan jihohi. Hukumomin tsara birane irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna su ne ke bayar da izinin gini. Legas tana da ɗakin gwajin kayan gini na jiha. Babu abin da zai hana a shar'anta cewa duk bene, musamman makaranta da asibiti da masallaci da kasuwa, sai an gabatar da sakamakon gwajin rodinsa kafin a zuba dekin farko. Sassan koyar da injiniya na jami'o'i da kwalejojin fasaha suna da na'urorin jan ƙarfe da za su iya wannan aiki.

Abin da mai gini zai iya yi

Kafin hukumomi su motsa, gwajin nauyi yana hannun kowa. A zaɓi sanduna uku ko huɗu daga wurare daban-daban na lodin, mai saye ne zai zaɓa. A yanko mita ɗaya cif daga kowace, a goge laka da tsatsar da ke kakkaɓuwa, a ɗora kan sikelin lantarki mai nuna giram. Nau'in sikelin yana da muhimmanci, domin ƙa'idar masu awo ita ce ma'auni ya fi tazarar da ake nema laushi sau goma. Sikelin da ke tsalle da giram hamsin-hamsin ba zai iya raba gardamar giram 40 ba. Yankan ma sai an kula, tunda kuskuren santimita ɗaya a mita kashi 1 ne cikin 100.

Idan rodin milimita 12 ya nuna giram 860, an cire 888 an samu ragin 28, an raba da 888 an ninka da 100, ragin kashi 3.2 ne, yana cikin ƙa'ida. Idan ya nuna 800, ragin kashi 9.9 ne, ya faɗi. Idan ya nuna wajen 620, na milimita 10 ne aka sauya wa suna. Sai a miƙe sanda guda a auna tsawonta, a duba alamar masana'anta, a nemi takardar gwajin da ke biyo kowane lodi daga masana'anta. Masu ɗaurin rodi ma shaidu ne, domin su ne ke fara ganin wanda ke tsagewa ko karyewa a wurin lanƙwasa. Ga babban aiki, guntaye kaɗan da za a kai ɗakin gwaji ba su kai kuɗin tan ɗaya ba.

Tauye mudu tsohon laifi ne da al'umma ta san hukuncinsa, har sura guda ta Alƙur'ani mai girma aka sa wa sunan masu aikata shi. Wanda aka tauye wa mudun masara yakan gane a daren da aka tuƙa tuwo, ya koma kasuwa da safe. Wanda aka tauye wa rodi yana iya shafe shekara goma bai sani ba, kuma sau da yawa ba shi ne zai biya ba. Tsakanin lodin da aka sauke a bakin fili da kankaren da za a zuba akwai kwanaki kaɗan, kuma a cikinsu ne kawai sikeli ke da amfani.